Kan da Na Kai Illela

Ƙawayen amarya na zamanin nan ba sa barin biki ya tafi yadda aka gada. Da can kamu ne, a sa lalle, a ɗaura aure, a kai amarya ɗakinta, kowa ya kama gabansa. Yanzu sai an kafa kwamiti, an buɗe zaure a WhatsApp, an raɗa wa kowace rana suna, an yanka mata anko. Da auren 'yar goggona ya taso a Illela, kwamitin ya fitar da sanarwa: Alhamis ranar tuna baya ce, mata zalla, a cikin gida, kowa ta zo da irin shigar da uwarta ko kakarta ta yi tana budurwa. Wadda ta fi burgewa tana da turmin atamfa.

Ni atamfar ba ta tsone mini ido ba. Facalata ce matsalar. Matar ƙanen maigidana ce, suna zaune a Malbaza inda mijinta ke aiki a masana'antar siminti, kuma da yake auren zumunci muka yi, duk bikin da za ni sai na tarar da ita. Tun ranar da aka kawo ta ban yi abin da ba ta ɗora a kansa ba. In na kai wa surukarmu dambu, nata sai ya je da soyayyar zabuwa a sama. In na ɗinka shadda, tata sai an yi mata aiki har ƙasa. Ita ta fara turo murya a zauren, wai ita dai doka za ta yi, irin ta kakanni. Mata suka yi ta zuba mata tafi. Na ce a raina, doka ai ko a jikin kalanda an gan ta. Ni abin da zan zo da shi sai an tsayar da kiɗa.

A ƙasan adakata akwai wani hoton Inna, baƙi da fari, har ya fara ja don tsufa. A Tawa aka ɗauke shi zamanin Samariya, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya tayar da ƙungiyoyin matasa, samari da 'yan mata suna zuwa wasa gari-gari. Inna na tsaye cikin buje mai faɗin ƙasa da takalmi mai tudu, ta dafa wata ƙatuwar rediyo, a bayanta labule ne da aka zana wa jirgin sama. Amma duk wanda na nuna wa, kan yake fara kallo. Gashi ya taso daga goshi ya yi tudu, sannan ya gangaro naɗi-naɗi har wuya, kowane naɗi ƙwan zabuwa zai shige cikinsa ya zauna daram, ga wani guda ɗaya an kwanto da shi tsakiyar goshi don tsokana. Tun ina yarinya nake kallon hoton nan ina jin haushin gashin gidan Baba da na gado. Na ƙudura shi zan yi, kuma ban gaya wa Inna ba. Tana can Illela, so nake ta ɗaga ido ta ga kuruciyarta ta shigo da sallama.

Gashin gidan Baba kuwa gajere ne, cunkus. In aka tsefe shi aka wanke, sai ya ƙanƙance ya manne da fata yana jiran wanda zai taɓa shi su yi. Makitsiyata ba ta karɓar kaina sai ta ci abinci.

Auta, ƙanwata da ke zaune wurina tana karatun kimiyya a lise, ita ta karɓi kwangilar farko. Ta zaunar da ni ta yi mini darasi. Ta ce a cikin kowane silin gashi akwai ɗauri iri biyu. Akwai mai rauni, wanda ruwa ko zafi ke kwancewa, in gashin ya bushe ko ya huce sai ya sake ƙulluwa a yadda aka bar shi. Akwai mai ƙarfi, wanda ba ya tsinkewa sai da magani, irin mai warin nan da ke korar mutane daga shago. Duk naɗin da aka yi da ruwa ko da ƙarfe, na farkon kawai ya taɓa, shi ya sa ba ya daɗewa. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Yaya, maƙiyinki ɗaya ne, laima."

Na yi dariya. Muna ƙarshen Mayu, zafi ya haura digiri 40, wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe, rabon garinmu Ƙonni da ruwan kirki tun kaka. Ina laima za ta fito?

Abin naɗin ne babu. Auta ta ce ba komai, matan Turai ma da tsumma suke yi a da. Ta yanko karan dawa gaɓa-gaɓa don gefuna, ta wanke ƙananan gwangwanayen tumatir ta fasa gindinsu don tsakiya. Ta jiƙa kan, ta laɓta masa man kaɗe, ta yi ta ja tana naɗewa tana ɗaurewa da zaren kitso, har girata ta haye sama, ido ya ƙi rufuwa.

Bayan isha'i maigida ya shigo, ya tsaya bakin ƙofa ya dube ni da gwangwanaye reras a ka. Mutum ne mai sanƙo tal, ko 'ya'yansa ba su cika ganin kansa babu hula ba, kuma tunda muke bai taɓa sa baki a maganar gashi ba. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ki shimfiɗa leda a kan matashin, irin wannan mai ba ya fita."

Na ce, "Alhaji, a ina ka san wannan?"

Ya ce, "Ana dai ji." Ya ɗauki rediyonsa ya koma zaure.

Ledar ba ta yi rana ba, don kan bai taɓa matashi ba. In na kwanta dama kara ya soke ni, in na juya hagu gwangwani ya yi ƙara akuyar maƙwabta ta amsa. A zaune na kwana, goshi jingine da bango. Da asuba Auta ta kwance, kuma wallahi ya naɗu. Na tsaya gaban madubi ina juyi, ina tashin ƙamshin tumatir. Daga nan na fita na hura wuta na ɗora ruwan koko. Tururi ya bugi fuskata. Kafin kokon ya yi kauri kan ya koma gidan jiya, ya bar mini tsatsa a fata da sartsen kara a bayan kunne. Auta ta leƙo madafa, ta duba, ta ce, "Laima," ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta.

Sai na tattara na nufi masu sana'ar. Akwai wata Madan 'yar Togo mai shagon gyaran gashi a bakin babban titi, ta shekara da shekaru a Ƙonni har ta fi wasu haifaffun garin iya karin magana. Ta karɓi hoton, ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa, ta ce, "Mizampili! Rabona da wannan tun ina koyon aiki a Lome." Ta ce 'yan matan yanzu mesh suke so da gashin kanti, manyan bigudinta na naɗin gashi duk yara sun mai da su ƙafar mota. Amma ranar Lahadi za ta aika kasuwar Illela ta tsallaken iyaka, inda babu abin da ba a samu, daga raƙumi har allura. Ta tambaye ni ina ne bikin. Na ce Illela.

Ta ce, "Ai nan da nan ne. Zai kai, har ya dawo."

Muka daidaita a jika biyar, na ba da biyu kafin alƙalami.

Ranar Alhamis tun da sanyin safiya ina kan kujerarta, Auta na gefe riƙe da hoto. Madan ta wanke kan, ta shafa wani ruwa mai danƙo, ta jera bigudi sahu-sahu, ta rufe da raga, ta tura ni ƙarƙashin kask, wato ƙatuwar hular nan mai hura iska mai zafi. Na fara jin daɗin ɗumin ke nan aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyin bankwana ta tsaya.

Madan ba ta damu ba. Ta nuna sama ta ce, "Allah ya ba mu wadda ba a ɗaukewa." Ta fitar da ni bayan shago, ta kifa turmi a tsakiyar rana ta ce in zauna. Kaji ma suna inuwa suna haki, ni ina fili. Ba a jima ba ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin bigudi yana bin wuya. Madan ta leƙo ta dafe ƙirji.

"Hajiya, kar ki yi zufa! Za ki ɓata aiki!"

Na ce, "Madan, wa zan gaya wa ya tsayar?"

Rana na busarwa ta sama, ni ina jiƙawa ta ƙasa, babu wanda ya ci wani. Hantsi ya ɗaga, mota ba za ta jira ni ba. Madan ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshin tsumma, ta kwance shi da ladabi: matajin ƙarfe mai mariƙin katako, da wani ƙarfe mai baki biyu da ake matse gashi a tsakaninsu. Ta ce gadon uwar ɗakinta ne. Ta aika wurin 'yan fadar da ke ƙofar shago a aro furno, ɗan murhun shayinsu. Sun ɗora shayin farko ke nan, amma suka sauke, bisa sharaɗin a ba su sukari.

Auta, da ba ta iya ganin abu ta bar shi, ta duba wayarta ta ce wani Bafaranshe, Marcel Grateau, shi ya shahara da irin wannan ƙarfe a Paris tun 1872, kuma masu aiki da shi da takarda suke gwada zafinsa. Ta ƙara da cewa ƙarfen lantarki na yanzu da wuya ya wuce digiri 230, kuma yana da maɓallin ragewa. Na dubi garwashin da ke ja a cikin furno, ban ga maɓalli ba. Ma'aunin Madan yagaggiyar takardar buhun siminti ce. In ta ɗora ƙarfe takarda ta yi baƙi, sai ta kaɗa shi a iska. In ta yi ja kaɗan, ta kai shi kusa da kumatunta ta saurara. In ta gyaɗa kai, sai kaina.

A nan kam na ga sana'a. Takan ɗebi gashi ɗan kaɗan, ta shafa mai, ta bi shi da mataji daga gindi zuwa baki. Man ya yi cuwi, siririn hayaƙi ya tashi, gashin da ya yi shekaru yana gardama ya miƙe ya kwanta luf. Sannan ta cafke bakinsa da ɗaya ƙarfen, ta murza, ta ƙirga a hankali da Faransanci, ta zare, ta soke naɗin da fil tun bai huce ba. Yarinyarta na riƙe da kunnena ta lanƙwasa shi ƙasa. Tun daga ƙeya aka faro, naɗi na bin naɗi, ina kallon madubi Inna tana fitowa kaɗan-kaɗan. Har na fara tsara inda zan tsaya a tsakar gida don facalata ta gan ni da kyau.

Masu magana sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Saura guda ɗaya, na tsokanar nan. Madan ta cafke shi, ta murza, ta fara ƙirga. A daidai nan aka kawo wuta. Fanka ta tashi, rediyo ta ɓarke da kiɗa, kask ya hau gurnani shi kaɗai, yara a waje suka ɗauki ihu, "An kawo! An kawo!" Madan ta waiga ta ce a kashe kask kar ya cinye mata kuɗi. Yarinyar ta saki kunnena ta ruga. Ƙirga ya tsaya, ƙarfe bai tsaya ba.

Da ta zare, naɗin ya biyo shi. Kyakkyawa, zagayayye, babu wanda ya kai shi kyau a duk kan, sai dai ba ya jikina. Shago ya yi tsit. Wani ɗan fada ya leƙo ta taga ya ce, "Madan, wa ke babbaka ba a kira mu ba?"

Aka shiga ba ni haƙuri. Madan ta ce ko Michael Jackson gashinsa ya kama wuta a 1984 yana tallar Pepsi, duniya duk ta gani, bai fasa rawa ba. Auta ta ce Bajamushen nan Karl Nessler, wanda ya nuna wa mutanen Landan naɗin da ba ya warwarewa a 1906, a kan matarsa ya yi gwaji, kuma sai da ya ƙone mata gashi kafin abin ya yi. Na tambaya ko an biya mawaƙin. Auta ta ce an ba shi dalar Amurka miliyan ɗaya da rabi, ya bayar da ita ga asibiti. Madan ta yi shiru, sannan ta ce ta rage mini dala ɗari.

Ta maƙale naɗin a mazauninsa da fil biyu, ya rufe tabon. Ta feshe kan da lak, ruwan nan mai sandarar da gashi, har sai da na yi tari. Gaskiya daga nesa babu mai cewa an yi hasara. Tana karɓar cikon kuɗinta ta ce, "Ki ce wa mai kabu-kabu ya bi a hankali, kuma kar ki tsaya canjin naira a rana."

Na ce, "Wace naira? Illelar Adar za ni, garin Sarkin Adar, ta Tsarnawa da Badagishiri."

Madan ta jawo kujera ta zauna. Ita tun farko Illelar jihar Sakkwato ta ɗauka, wadda mutanen Ƙonni ke zuwa cefane su dawo tuwo bai nuna ba. Wadda za ni kuwa tafiyar kusan kilomita ɗari ce. Ga kuma wata: matar aure ba ta fita kai buɗe, kallabi kuwa in ya hau kan nan, kuɗina sun bi ruwa. Ta yi tagumi, ta dubi rufi, ta dubi ƙasa, sannan ta tashi ta shiga madafarta ta fito da kwandon roba na tsane taliya. Ta kifa mini shi, ta ɗaure da zare ta ƙarƙashin haɓa, ta zura mini hijabi a sama. Ta ce, "Kar ki jingina, kar ki sunkuya, kar ki yi zufa. Allah ya kiyaye hanya."

A tasha yaron mota ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, na kan nan a sama za a ɗaure, ko kuɗin mutum biyu za ki ba da?" Auta ta wuce can baya ta gaya wa na kusa da ita ba tare muke ba. Rufin motar ya yi mini ƙasa, na zauna a karkace, wuya a lanƙwashe. Wani dattijo a gefena ya daɗe yana satar kallona, can ya kasa haƙuri ya ce, "Ɗiyata, Allah ya ba ki lafiya. Amma ba wannan hanya za ki bi ba. Likitar Galmi za ki, tun muna yara suke aikin irin wannan." Na ce amin, don ya fi sauƙi.

A wani shinge bayan Tsarnawa mai kaki ya leƙo, ya bi fasinja da ido, ya dawo kaina ya tsaya. Motar da ta fito daga bakin iyaka, babu dabarar ɓoye kaya da bai taɓa gani ba. Ya miƙo yatsa ya ƙwanƙwasa. Kwando ya amsa.

"Mene ne a ciki?"

"Gashi ne."

"Na sayarwa?"

"Na kaina ne, ranka ya daɗe."

Ya kira wata mai tallar dafaffen ƙwai ya ce ta duba masa. Ta zura kai ƙarƙashin hijabina, ta ɗaga gefen kwando, ta jima, ta fito. Ta ce, "Ku bar ta ta wuce. Abin da ke damunta ya ishe ta."

Alhamis ranar kasuwar Badagishiri ce, garin ya cika ya batse da dabbobi da mutane. Motar da muka samu zuwa Illela a-kori-kura ce, bayanta a buɗe. Na samu wuri tsakanin buhunan gero da wani rago da ya ƙudura sai ya ɗanɗani bakin hijabina. Mun bar gari kaɗan iska ta tsaya cak. Wani ya nuna gabas. Jan bango ne ya taso tun daga ƙasa har sama, yana tahowa. Kafin direba ya samu gefen hanya ƙura ta rufe mu, ta shiga hanci, ta shiga kunne, ta bi ramukan kwando ɗaya bayan ɗaya. Tana wucewa aka tsuge da ruwa.

Ruwan farko ne, ruwan shuka. Motar nan duk ta ɗauki hamdala. Tsofaffi suka ɗaga hannu, wani ya cire hula don ruwan ya taɓa kansa, wata mata ta rangaɗa guɗa. A ƙasar Adar, inda ake kwana ana duban sama, wa zai buɗe baki ya roƙi ruwa ya dakata saboda mizampili? Na ce alhamdulillahi tare da kowa, ina jin wani abu mai danƙo yana gangarowa ta bayan kunnena.

Bayan la'asar muka isa. Ruwa ya ɗauke, tsakar gida ta cika. Ana kiɗan ƙwarya, mata sun sha saƙi da murjani, an ja tozali, an ɗiga katambiri a kumatu. Ga facalata a tsakiya da doka, ta tashi tun daga goshi har ƙeya tana ƙyalli, kuma ko maƙiyi ya san ta yi kyau. Ashe tun jiya ta zo, ta durƙusa gaban Kaka, Kaka ta kitsa mata da hannunta, ko dala ba ta kashe ba.

Na tsaya inda na tsara. Auta ta cire mini hijabi, ta kwance zare, ta ɗaga kwando.

An kuwa tsayar da kiɗa.

Gefen dama ya koma asalinsa ya dunƙule. Gefen hagu, inda lak ya fi yawa, ya sha jar ƙasa ya sha ruwa ya daskare, da zanen ramukan kwando reras a jikinsa. A tsakiya fil-fil sun miƙe tsaye. Naɗin goshi kuwa yana cikin kwandon, a hannun Auta, shi kaɗai bai lalace ba.

Facalata ta matso ta rusuna. Ta ce, "Sannu da hanya, Yaya. Da kin faɗa mini gini za ki yi, ai da na taho miki da buhu guda daga wurin aikinsu."

Inna ta ratso mutane tana salati. "Ke wagga ɗiya, mi ya same ki? Haɗari kunka yi?"

Ban iya magana ba, na miƙa mata hoton. Ta kai shi nesa da ido, ta dube shi, ta dube ni. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ce to, ga kukan da nake jira. Ashe dariya ce. Ta zauna daɓas a kan tabarma tana kiran Goggo, tana nuna hoton, tana nuna ni, magana ta ƙi fita.

Da ta samu numfashi ta ce, "Wanga ai ba gashina ba ne. Hular gashi ce ta mai hoto!"

Goggo ta karɓa. Ta ce a jikin ƙusa take rataye a shagon, kusa da agogon hannu da tabarau, duk na aro. Rediyon ma fanko ce, babu komai cikinta. In kana son hula ka ƙara dala biyar. Layi suka yi su 'yan wasan Illela, wadda ta gama ta cire ta miƙa wa ta bayanta, kowa da kitsonta a ƙasa da kallabinta a hannu. Inna ta ce, "Kwarkwatar da munka kwaso cikin hular nan, har gida ta rako mu." Goggo ta shiga ɗaki ta fito da nata hoton. Wata tsohuwar maƙwabciya ta aika jikarta ta ɗauko nata. Aka jera su a kan faifai: rediyo ɗaya, jirgi ɗaya, gashi ɗaya. A na maƙwabciyar ma hular ta juya, naɗin tsokanar yana kan kunne.

Inna ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Mu a ranar matan Ikko muke kwaikwayo, da waɗanda muke gani a sinima. Ke kuma kin tashi kin ƙone goshi kina kwaikwayon masu kwaikwayo."

Kaka, da ba ta ce komai ba tun ɗazu, ta sa aka kawo ni gabanta. Ta taɓa gefen hagu ta ji tauri, ta janye hannu. Ta ce su a zamaninsu in za a yi doka, wuni guda ake yi kai na kan cinyar makitsiya. A tara gashin tsakiya a ɗora shi kan abin da aka naɗe don ya yi tudu, a kitse shi tam, a shafe da man shanu, mai hali ta sa shuni. Sai ya yi wata ba a taɓa shi ba, a yi daka da shi, a je rijiya da shi, ruwa ya buge shi ya bar shi inda yake. Ta ce, "Irin gashinki shi anka fi so, don shi ka riƙe kitso. Gidan ubanki ba su da komi sai gashin doka."

Atamfa dai Malbaza ta tafi. Ni kwamiti ya ba ni sandar sabulu, wai kyautar ƙoƙari, kuma a daren nan rabinta ya ƙare a kaina. Da aka wanke, tabon ya fito fili, sumul, a tsakiyar goshi. Goggo ta ce maganinsa albasa, kuma ba kowace ba, sai jar nan ta Galmi, wadda ake lodi a manyan motoci har Abidjan da Accra saboda ƙarfinta. Ta kankare guda, ta matse ruwan a tsumma, ta ɗaure mini. Amarya ta yi kukan rabuwa da gida, ni na taya ta da na albasa, har dangin ango suna cewa ba su taɓa ganin 'yar'uwa mai ƙauna irina ba. A motar dawowa kuwa babu wanda ya matse ni.

Na iso Ƙonni da dare. Maigida na zaune a tsakar gida. Na zame kallabi na nuna masa, ina jiran faɗa ko dariya. Ya haska fitilar waya ya duba tabon da kyau, ya ce, "Ƙarfe ne wannan. Na ƙarfe yana tsirowa. Na magani ne ba ya dawowa."

Na ce, "Alhaji, yau sai ka gaya mini inda ka san waɗannan abubuwa."

Ya duba ko yara sun yi barci. Sannan ya rage murya ya ce, lokacin da ya je ci-rani Abidjan yana saurayi, irin yadda samarin Adar ke zuwa, jeri kol ake yayi. Tun da faifan Thriller ya fito a 1982 kowane yaro a Adjamé so yake kansa ya yi ta ɗigar mai. Magani biyu ake sawa, ɗaya ya saki gashin, a naɗe, ɗaya ya kama shi. Kullum sai an fesa mai, a kwana da leda a ka, wuyan riga duk ya lalace. Kuɗin shago ya yi musu yawa, sai wani abokinsa ya ce ya iya. Ya shafa masa na farkon, ya ce ya jira shi zai je ya sayo na biyun. A hanya ya tarar ana kallon ƙwallo.

Ya kai hannu ya cire hularsa. Fitila ta haska.

Na daɗe ina kallo. Na ce, "To albasar fa, tana aiki?"

Ya mayar da hular, ya gyara mata zama. Ya ce, "Ki dai ci gaba. Ni a buhu na biyu na haƙura."